Layin 'Yan Wake a Kasuwar Ƙonni

Duk wanda ya san layin 'yan hatsi a kasuwar Laraba ta Birnin Ƙonni a shekarun baya, ya san ba a shigarsa da fararen kaya. Ƙura ta turnuƙe, 'yan dako na ihun a ba su hanya, manyan motoci sun yi sahu tun daren Talata, kowace ta juya baki kudu wajen Illela. Da na je gida bayan babbar sallar 2025, na ratsa layin daga farkonsa har ƙarshensa ba wanda ya bangaje ni. Buhunan wake suna nan tsibi-tsibi, har sun fi na da yawa. Masu saye ne suka yi ƙaranci.

Rumfar da na nufa ta wani dattijo ce, abokin mahaifina, wanda tun muna yara muke ce masa Baba. Dillali ne kuma ma'auni, kuma ban taɓa ganin wanda ya san wake kamarsa ba. Ba ya kwance bakin buhu ya dubi na sama, don ya san manomi ma ya san nan ake dubawa. Hannu yake zurawa har gwiwa ya damƙo na tsakiya, ya watsa a tafinsa, ya hura. Sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. In ta fashe ƙaras, ya bushe. In ta lotsa, ya ce a mayar rana. Yana sansana ya gane wanda aka barbaɗa wa magani, yana duban idon ƙwaya ya gane wanda ƙwari suka fara shiga tun kafin huda ta bayyana. Lokacin da buhun nan mai riɓi uku ya shigo, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, yana cikin na farko da suka riƙa matsa wa manoma su saya, don ya ce kunya yake ji a ce waken da ya bi ta hannunsa ya ɓata wa wani ciki a Ikko. In ya cika tiya kuwa, sai ta yi tozo, sannan ya ɗora gyara da hannun hagu ba tare da an roƙa ba.

Amma dukiyar Baba ta gaskiya wani littafi ne mai baƙin bango da yake rubutawa da ajami. A ciki akwai 'yan sari na Sakkwato da na Dawanau a Kano, da waɗanda ke kai wa Bodija a Ibadan. Da yawansu ba sa biya nan take. Mutum ya loda mota bisa amana, in ya sayar ya aiko da kuɗi ta hannun ɗan canji, ko ya aiko da masara da garin rogo a madadinsu. Nijar ce ta biyu a noman wake a duniya, bayan Nijeriya, kuma abin da take nomawa ya fi ƙarfin tukwanenta. Kaso mai yawa na ƙosai da alalen da ake ci a kudancin Nijeriya, daga gonakin Tawa da Maraɗi da Damagaram ya fito. Wannan littafin shi ne igiyar da ta ɗaure manomin Adar da mai suyar ƙosai da bai taɓa gani ba.

Ba zan ce zamanin ECOWAS, wadda a can muke kira CEDEAO, aljanna ba ne. Shingaye sun cika hanya, masu kaki suna karɓar nasu, kuma Nijeriya ta taɓa rufe iyaka da kanta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ana cikin ƙungiyar tsundum. Sai dai akwai doka a rubuce. Tun 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar na ketare iyaka ba biza, kuma amfanin gona da dabbobin da aka samar a cikin yankin ba a ɗora musu kuɗin fito. In an tsare direba, yana da abin da zai kafa hujja da shi, ko da daga baya zai sa hannu aljihu.

Abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kowa ya sani, amma ba kowa ya ɗanɗana shi irin na mutanen bakin iyaka ba. Kwana huɗu kacal shugabannin ƙungiyar suka zauna a Abuja suka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar da Nijar ta dogara da ita. Har gobe ina jin zafin wannan hukunci. An ce sojoji ake horarwa, amma injin niƙa ne ya tsaya, mai sayar da ƙanƙara ce ta rasa jari, albasar Galmi ce ta ruɓe cikin motoci a kan hanyar Gana, shinkafa da mai da sukari suka tashi cikin 'yan makonni. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yi mamakin tafin da aka yi ba ranar 28 ga Janairun 2024, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice. Baba ma ya ce ya yi tafin. An ɗage takunkumi a Fabrairu, an buɗe tsakanin Ƙonni da Illela a Maris, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Na tambaye shi batun sabon harajin da ƙasashen nan uku, a ƙarƙashin ƙawancensu na AES, suka sa a ƙarshen Maris na 2025, rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje. Ya kaɗa hannu.

"Ɗana, wanga bai hana ni barci. Dala ɗaya cikin jika, mi ta ɗauke? Abin da ya kashe mu, takardar da ta ce kada wake ya fita."

A watan Oktoban 2024 ne gwamnati a Yamai ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa ko'ina, in ban da Mali da Burkina Faso. Dalilinta a fili yake, kuma a kan gero ban da ja: mutane sun sha tsada a bazarar da ta gabata, damina ta yi albarka, hatsi ya sauko, magidanta sun numfasa. Amma wake ba gero ba ne. Gero rumbu ake noma wa, wake kasuwa. Da kuɗinsa manomi ke biyan bashin taki, ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ya sayi tunkiyar kiwo. Mutanen Mali da Burkina kuwa suna noma nasu, kuma suna da nisa. Mai sayen waken Ƙonni yana Illela, tafiyar 'yan mintuna a kan kabu-kabu. Wanda ya sa wake cikin wannan jeri, ina shakkar ya taɓa tsayawa a bakin ma'auni ranar Laraba.

Na ce zan ɗibi tiya goma in kai wa iyali. Ya faɗi kuɗi, kuɗin da ko rabin abin da nake saye a birni bai kai ba. Amma al'ada ba ta barin mutum ya ce na saya a karon farko, sai na taya ƙasa.

"Albarka."

"Haba Baba, ga kaya jibge ba mai tambaya."

"Shi ya sa ba ni ragewa. Mai shi na zaune can ƙarƙashin bedi tun hantsi, da kuɗin ga zai sai maganin matarsa."

Na ƙara dala biyar a kan kowace tiya. Ya ce in ƙara. Na ƙara biyar. Ya yi shiru yana jujjuya ƙwaya a tafinsa, ya waiwaya wajen bishiyar, mutumin ya gyaɗa kai tun daga nesa. "Kawo kuɗi, na sallama." Da can manomin zai taso ne ya yi ta gardama, ya ce in ba haka ba ya mayar da kayansa kan amalanke, don ya san kafin la'asar wani Bakano zai ɗauka. Saurin gyaɗa kan nan ya fi komai tsaya mini a rai.

Da waɗannan kuɗin zai tsallaka layin 'yan shinkafa, inda lissafin ya juye. A da, shinkafar waje a Kwatano take sauka, ta bi kwalta ta haye gadar Malanbil zuwa Gaya. Nijar ta bar wannan gada a rufe saboda rikicinta da Benin, don haka kaya sai su sauka Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar soja. Mota kan yi makonni tana jiran a haɗa ayarin, kuma kowane kwana da direba ya yi a hanya, a kan buhu ake ɗora shi. Ba a rubuta wannan cikin dokar haraji ba, amma ya ninka rabin kashi ɗayan nan sau da yawa.

Ba komai ne laifin ficewa ba. Naira ta faɗi tun 2023. Jika ɗaya ta sefa da ake canjawa dubu ɗaya da 'yan kai ta haura dubu biyu, abin da ya rage wa ɗan sarin Nijeriya ƙarfi ko da an bar ƙofa a buɗe. CEDEAO kuma ta ce a ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku bisa tsohon tsari har sai an sake zama. Sai dai ba wanda ke ba da motar wake bashi a kan "har sai an sake zama". Ga shi a watan Mayun 2025, ana dab da layya, aka hana fitar da dabbobi ma. Raguna suka yi kwantai a wannan gefe, suka gagari mutane a wancan.

Waken bai daina ketarawa ba. Samari ke ɗaure buhu biyu a bayan babur, su bi ta cikin gonaki da dare ba fitila. Wanda aka kama ya rasa kaya da babur, wanda ya tsira ya ci ribar da da manomi ne zai ci. Ba awo, ba cizon ƙwaya, ba wanda ke tambayar ko an sa magani. Baba ya ce mutanen littafinsa da dama yanzu lambar yaran nan suke kira, kuma ƙaramin ɗansa ya fara maganar sayen babur. Ya hana shi, ya ce muddin yana raye ba za a fitar da kaya daga rumfarsa da dare ba. Manoman da ke kawo masa kaya kuwa, wasu sun riga sun gaya masa bana sun rage wake a gona, sun ƙara gero.