Harkar Waƙa A Nijeriya: Abin Da Ya Kamata Sabon Mawaƙi Ya Sani Kafin Ya Sa Hannu A Takarda

Legas. A cikin watan Fabrairu na shekarar 2024 kamfanin Universal Music Group, wanda ya fi kowane kamfanin waƙa girma a duniya, ya ba da sanarwar sayen kaso mafi rinjaye na hannun jarin kamfanin Mavin da ke Legas, wanda Don Jazzy ya kafa a 2012. Babbar kadarar da ke cikin wannan ciniki ita ce tarin waƙoƙin da Mavin ya mallaka, da yarjejeniyoyin da ya ƙulla da mawaƙa irin su Rema da Ayra Starr. Wannan ya isa ya nuna wa matashin da ke shirin shiga harkar, da ɗan kasuwar da ke son ɗaukar nauyinsa, cewa waƙa a yau kadara ce da ake saye da sayarwa kamar fili ko shago, kuma wanda takarda ta ce shi ne mai ita, shi ne zai ci moriyarta.

Girman kasuwar

Kamfanin Spotify, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2021, ya bayyana cewa waƙoƙin mawaƙan ƙasar nan sun samo fiye da Naira biliyan 25 a dandalinsa a 2023, sa'an nan fiye da Naira biliyan 58 a 2024. Wajibi ne a karanta waɗannan alƙaluma da natsuwa. Da farko, an sake wa Naira mara a watan Yuni na 2023, inda Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura Naira 1,500 a 2024, saboda haka wani ɓangare na ƙarin da ake gani ya samo asali ne daga faɗuwar darajar Naira. Na biyu, kuɗin ba ya shiga aljihun mawaƙi kai tsaye. Ana biyan wanda ya mallaki waƙar ne, wanda sau da yawa kamfani ne, shi kuma ya ba mawaƙin kasonsa bisa abin da suka rubuta.

Har ila yau, sauraron da aka yi a Nijeriya bai kai na Amurka ko Ingila kawo kuɗi ba. Lokacin da Spotify ya shigo, mai sauraro a nan yana biyan Naira 900 ne a wata, alhali takwaransa na Amurka yana biyan kusan Dala 10. Ke nan mawaƙin da masoyansa suke Kano da Kaduna da Zariya yana bukatar masu sauraro ninkin ba ninkin kafin ya sami abin da wanda ake sauraronsa a Landan yake samu. Bugu da ƙari, tun daga 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin watanni 12 ba, Spotify ba ya biyan ladan naɗinta ko kwabo.

Kadara biyu cikin waƙa ɗaya

Abu na farko da ya kamata sabon mawaƙi ya fahimta shi ne, doka tana ganin kadara biyu a cikin kowace waƙa. Akwai baitoci da karin waƙar, waɗanda na wanda ya tsara su ne. Sa'an nan akwai naɗin sautin da aka yi a situdiyo, wato uwar faifai, wanda bisa al'ada na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare baitoci da kari har tsawon rayuwar mai su da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma kare naɗin sauti na shekara 50. Wato dai abin da matashi ɗan shekara 20 ya sallama a yau don ya sami kuɗin situdiyo, gado ne na 'ya'yansa da jikokinsa.

Dokar ta tanadi cewa sallama haƙƙin mallaka ga wani ba ta inganta sai a rubuce. Haƙƙin yana tabbata ne tun daga ranar da aka rubuta waƙar ko aka naɗe ta, ko da ba a yi rajista ba, amma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da tsarin rajista na sa-kai, kuma takardar da take bayarwa hujja ce mai amfani ranar da aka je gaban alƙali. Haka nan yana da kyau a rubuta kason kowa tun ranar da aka gama naɗi: na marubuci, na mai haɗa kiɗa, na 'yan amshi. Yawancin rigingimun harkar suna tashi ne bayan waƙa ta karɓu, lokacin da kowa ya tuna alkawari iri dabam.

Kafin alƙalami bashi ne

Wurin da sababbin mawaƙa suka fi yin tuntuɓe shi ne kuɗin kafin alƙalami. Kamfani yakan ba mawaƙi kuɗi a dunƙule, ko mota, ko gidan haya, shi kuwa ya ɗauka kyauta ce. A yawancin yarjejeniyoyi kamfanin yana cire wannan kuɗi ne daga kason mawaƙin kaɗai. A ɗauki misali: an ba mawaƙi Naira miliyan 10, kasonsa kuma kashi 20 cikin 100 ne. Sai waƙoƙinsa sun samo Naira miliyan 50 kafin bashin ya biyu, kuma a lokacin kamfanin ya riga ya riƙe nasa miliyan 40. Idan an ɗora masa kuɗin bidiyo da talla da tafiye-tafiye, yana iya yin suna a ƙasa baki ɗaya alhali littafin kamfani yana nuna ana bin sa.

Don haka akwai tambayoyin da ya wajaba a sami amsarsu a rubuce kafin a sa hannu. Shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗauka, kuma waƙoƙi nawa ta ƙunsa? Wa zai mallaki uwar faifai, kuma yaushe za ta dawo hannun mawaƙin? Shin kamfanin yana da kaso a kuɗin wasa da na talla? Shin mawaƙin yana da ikon sa akanta ya binciki littafin kamfani? Sa'an nan wa ya mallaki sunan da yake waƙa da shi?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da tarihi. Mawaƙin da aka sani da Kiss Daniel ya rabu da kamfanin G-Worldwide a 2017, magana ta kai kotu, kuma a 2018 ya koma amfani da sunan Kizz Daniel. Ko a Amurka ma, mawaƙiya Taylor Swift ta ga an sayar da uwayen faifan kundayenta shida na farko a 2019, ta koma tana sake naɗar wasu daga cikinsu, kuma sai a 2025 ta iya saye su. Idan mai irin wannan ƙarfi ta ɗauki shekara shida kafin ta karɓo kayanta, ƙaramin mawaƙi ya san abin da ke gabansa. Kuɗin lauyan da zai karanta takardar kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin shari'a, muddin dai ba lauyan kamfanin ba ne.

Daga liƙi zuwa littafin lissafi

A ƙasar Hausa waƙa ta daɗe tana rayuwa bisa alherin iyayen gida. Manyan makaɗa irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun ci abinci ne da kyautar sarakuna da attajirai da liƙin da ake yi musu a filin wasa. Da zamanin kaset da faifan CD ya zo, sai dillalan Ƙofar Wambai a Kano da na kasuwar Alaba a Legas suka zama masu rarraba haja, inda sau da yawa ake biyan mawaƙi sau ɗaya a rabu, masu satar fasaha kuma su kwashe sauran. Har gobe mawaƙin Hausa ya fi samu daga waƙar biki, da waƙar fim, da waƙar siyasa.

Waɗannan hanyoyi suna kawo kuɗi a hannu, kuma babu dalilin da zai sa a raina su. Sai dai kowace tana da iyaka. Kasuwar waƙar siyasa takan cika ne sau ɗaya cikin shekara huɗu, kuma takan raba mawaƙi da magoya bayan ɗaya ɓangaren. Waƙar biki ta amarya ɗaya ce. Waƙar da aka sayar wa mai fim ɗungurungum kuwa ta fita daga hannu, ko da za ta shekara goma ana kallonta a YouTube. Dabarar ita ce a ba mai fim izinin amfani da waƙar a fim ɗinsa a rubuce, mallaka kuwa ta zauna wurin mai ita, sa'an nan a yi amfani da kuɗin biki wajen naɗar waƙoƙin da mawaƙin zai riƙe.

Hanyar kai waƙa kasuwa ta yi sauƙi. Kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid da TuneCore suna ɗora waƙa a Spotify da Apple Music da sauran dandali bisa ɗan kuɗin da ake biya, ba tare da sun karɓe mallaka ba. Audiomack da Boomplay suna da ɗimbin masu sauraro a Nijeriya. YouTube kuwa yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar dogayen bidiyo, da zarar ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Abin lura a nan shi ne a buɗe tashar da sunan mawaƙin da adireshinsa na imel, domin tashar da manaja ko aboki ya buɗe takan tafi tare da shi ranar da aka ɓata. Akwai kuma kuɗin da gidajen rediyo da talabijin da otal-otal suke biya don amfani da waƙa, waɗanda ƙungiyoyin karɓar lada irin su MCSN suke tattarawa, kuma mawaƙin da bai shiga ƙungiya ba yana barin kasonsa ne a can.

Daga ƙarshe, ya dace mawaƙi ya yi wa sana'arsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kare sunansa a matsayin tambarin kasuwanci, ya raba asusun sana'a da na cefane, ya kuma rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda zai yi aiki a Kano ya nemi sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta jihar tun kafin ya kashe kuɗin bidiyo. Shi ma ɗan kasuwar da zai zuba jari, abin da zai kare dukiyarsa shi ne takarda mai bayyana adadin jarin, da kason riba, da ranar da yarjejeniya za ta ƙare, wadda kowane ɓangare ya karanta ya fahimta a gaban shaidu.