Yaro da jaki: Yadda ake koya wa yara tausayin dabbobi da riƙon abota

Duk wanda ya bi bayan garin Maradi ko Damagaram da hantsi a watan Afrilu ya san wannan abin da zan faɗa. Amalanke ɗauke da jarka 16 na ruwa, jaki guda yana ja cikin rairayi, yaro ɗan shekara goma zaune a bisa da guntun tiyo a hannu. Kowace jarka lita 25 take ci, wato kilo 400 ke nan, ban da nauyin amalanken da na yaron. Da jaki ya tsaya ya numfasa, sai ka ji tim! a gadon baya, daidai inda igiya ta riga ta ci fata ta bar miki. Jama'a na wucewa, ba mai ɗaga kai. An saba.

In ka tsayar da yaron, abin da zai ce maka shi ne ai jaki ba ya tafiya sai da duka. A bakin manya ya tsinci maganar, kuma a hannunsu ya ga aikin. Shi ya sa batun ya shafi kowane magidanci, domin a ƙasar nan yawancin hidimar dabbobin gida a hannun yara take. Su ke kai awaki kiwo, su ke ban ruwa, su ke jan shanun huɗa gaban garma, su ke rufe akurki da magariba. Dabba ce halitta ta farko da yaro ke samun iko a kanta, wadda ba ta iya kai ƙararsa ko'ina. Halin da ya koya a nan, da shi zai girma.

Jakin da aka raina

A fara da jaki, tunda shi ya fi shan wuya. Likitocin dabbobi sun san cewa jaki dabba ce mai ɓoye ciwo. Doki in ya ji zafi yana harbi yana birgima, shi kuwa jaki sai ya tsaya shiru ya sunkuyar da kai. Abin da muke kira taurin kai, sau da yawa gajiya ce, ko ƙishi, ko ƙusa a kofato, ko tsoro. Jakin da aka kula da shi yana iya kai shekara 30 a duniya, amma na aikin amalanke da yawa ba su kai ko kusa da haka. Jaka kuma wata 12 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa guda. In an yi asarar jaki, maye gurbinsa ba abu ne na yau da gobe ba.

Mun ɗanɗana hakan a shekarar 2016. Kafin watan Satumba na shekarar, an fitar da jakuna kusan 80,000 daga Nijar, alhali a 2015 gaba ɗayanta 27,000 aka fitar. Fatarsu ake nema a ƙasar Sin, inda ake dafa ta a yi wani maganin gargajiya. Farashi ya ninka, har talakan da jakinsa ya mutu ya kasa sayen wani. Gwamnati ta hana fitar da su a wannan shekarar, sannan a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da haramta yanka jakuna domin fata a nahiyar baki ɗaya. Gidan da ya rasa jaki, ruwa da itace sun koma kan mata da ƴan mata, kuma yarinyar da ta wuni a rijiya ba ta zuwa lakwal. Yaron da aka fahimtar da wannan lissafi zai kalli jakin gidansu da wani ido.

Akwai wani abu kuma da yara ke jin daɗin ji: jaki yana da aboki. Jakuna biyu da suka daɗe tare, in aka raba su ko ɗaya ya mutu, wanda ya rage yakan ƙi cin abinci har ya kwanta ciwo. Tumaki ma ba a bar su a baya ba. Masana a Ingila sun nuna a shekarar 2001 cewa tunkiya na iya gane fuskokin tumaki 50, ta riƙe su a kai har shekara biyu. Makiyayi zai ce wannan ai tsohon labari ne, tunda shi saniyarsa da suna yake kiran ta, ta ɗago kai cikin garke ta taho.

Makarantar turke

Ni dai wurin kakata na fara karatun nan. Ina ɗan shekara bakwai ta ba ni kaza, ta ce tawa ce. Kaza ta ƙyanƙyashe, aka sayar da zakaru, ta cika mini kuɗi aka sayo ƴar akuya ja. Wata rana da bazara na ɗaure ta a turke tun safe, na tafi ƙwallo, ban dawo ba sai bayan azahar. Inuwa ta gusa, akuya na tsaye cikin rana tana haki, kwaminta ƙaf ba ko ɗigo. Na shigo ina neman fura. Tsohuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo ƙwaryar ta aje bayanta, ta ce: "Maigidana, kai da bakinka ka shigo kana cewa ƙishi. Waccan fa, wa za ta gaya wa?" Sai da na ɗebo ruwa, na maida akuyar inuwa, na tsaya ta sha ta ƙoshi, sannan aka miƙo mini furata. Daga ranar ban sake cin abinci ba sai na leƙa turke.

Dabarar tsofaffi ke nan. A ba yaro dabbar da za a ce tasa ce, a bar masa nauyinta, a sa masa ido daga nesa. Fulani tun ranar suna ake nuna wa jariri maraƙarsa, ta girma tare da shi. A gidajen Hausawa kaza ce ko akuya. Wanda ya ga akuyarsa ta yi wata biyar da ciki, ya kwana yana jiran haihuwarta, ya ɗauki ɗan da hannunsa yana rawar sanyi, da wuya ya jefi akuyar maƙwabci da dutse.

Addini ma ya zo da wannan. Yaran makarantar allo suna jin labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. Abin da ya rage shi ne a sauko da karatun daga allo zuwa garke, yaro ya gane cewa kyanwar cikin hadisi ita ce akuyar da ke ɗaure a gidansu.

Habbanaye: amana mai ƙafa huɗu

In ana neman inda tausayin dabba ya haɗu da abota, ba sai an je nesa ba. Fulani, musamman Wodaabe, suna da al'adar habbanaye. Mutum ya ɗauki karsana daga garkensa ya ba aboki ko ɗan uwa wanda fari ko cuta ta cinye wa dukiya. Shi kuma ya riƙe ta, ya sha nononta, har ta haihu sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri. Ƴaƴan nasa ne, uwar ta koma gidan mai ita. Ba takarda, ba riba. Saniyar habbanaye ita ake fi tattali a cikin garke, domin wulaƙanta ta wulaƙanta wanda ya ba da ita ne. Yaran gida sun san ta, sun san sunan mai ita, kuma abotar takan wuce iyaye ta kai ga ɗiya.

Ƙungiyoyin raya karkara sun ari wannan al'ada, suna ba mata awaki, galibi jar akuyar Maradi wadda aka sani da yawan haihuwar tagwaye da kyan fata. In ta haihu aka yaye, sai a miƙa wa wata matar da ke jira. A gidajen da aka yi haka, yara ne ke yankan ciyawa da kai dussa. Uwa mai hikima za ta zaunar da su ta ce wannan akuyar amana ce, gidan su wance na jiran ta, mu miƙa ta da ƙiba kamar yadda aka miƙo mana. Darasin abota da ya fi wannan sai an tona.

Kuma ana buƙatar darasin. Da, in aka gama girbi, makiyayi yakan sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi, yaran ruga da na gari su yi dambe da langa tare. Yau gonaki sun ci burtali a wurare da yawa, mashaya ta yi ƙaranci, zukata sun yi zafi. Mutanen jihar Maradi ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Tushen irin wannan fitina babba ne, ya shafi ƙasa da ruwa da shari'a, kuma gyaransa na hukuma ne. Amma sau da yawa wurin da wuta ke kamawa ƙarami ne: saniya ta faɗa gona, wanda ke bayanta yaro ne, wanda ke gadin gonar shi ma yaro ne. In ɗayansu ya saba sarar dabba, ko ɗayan ya saba kallon gonar wani kamar makiyaya, magana ta lalace tun kafin manya su iso. In kuwa sun san sunan juna, sai a kora saniya waje, a kai zance gaban mai gari. Ƙasar da ke alfahari da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Gobirawa, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014, tana da abin da za ta gina a kai.

Ranar da ake yanka aboki

Akwai tambayar da iyaye ke kauce wa: in an koya wa yaro son dabba, ya za a yi ranar layya? Gidaje da yawa sun ga wannan. Rago ya yi wata shida a gida, yaro ya sa masa suna, yana ba shi harawa da ƙowa a hannu, yana wanke shi da sabulu. Ranar Salla aka kwantar da shi, yaro ya shige ɗaki yana kuka, ya ce ba zai ci naman ba. Sai yayye su sa shi gaba da dariya, wai namiji da kukan rago.

Wannan dariyar tana ɓata abin da aka yi watanni ana ginawa. Kukan shaida ce cewa zuciyar yaron na da rai. Abin da ya dace shi ne a gaya masa gaskiya tun ranar da aka sayo ragon, kada a ce masa nasa ne har abada. A nuna masa cewa yanka ma da ladabinsa: ana wasa wuƙa sosai, ba a wasa ta gaban dabba, ba a jan ta da ƙafa, ba a yanka wata a gaban wata. In bai son kallo, a ƙyale shi. Washegari kuma, tunda mu nan ranar farko gashi ake yi, rabo sai an kwana, a ɗora masa kwano ya kai wa maƙwabta da tsohuwar da ba ta samu ta yanka ba. Nan zai ga inda wahalarsa ta tafi.

Abin da ke hannun iyaye da malamai

Ba kuɗi ake buƙata ba. Uba ya rage jarka huɗu a amalanke ko da za a ƙara sawu ɗaya, ya gaya wa yaro dalili. A naɗe igiya da tsumma inda take cin fata, in miki ya fito a huta da jaki har ya warke. A hana aiki da tsakar rana lokacin bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40. In masu allurar rigakafin dabbobi sun zo gari, a tafi da yaro ya riƙe akuyarsa da kansa, ya ji tambayoyin da likita ke yi. A koya masa duban dabba da safe: ta ci? tana tuƙa? idonta fa? Mai lura da wannan zai lura ran da ƙanensa ko abokinsa ya yi shiru ba lafiya.

A lakwal, malami na iya tambayar kowane ɗalibi ya kawo labarin dabbar gidansu, ya zaunar da ɗan ruga kusa da ɗan gari, ya bar ɗan ruga ya koya wa aji sunayen shanu da launinsu, abin da ya fi kowa sani. Yaran birni irin na Yamai, waɗanda rago sai ana jibi Salla suke ganin sa, hutun damina a ƙauye wurin kakanni zai yi musu amfanin da waya ba ta yi.

Sama da duka, yaro hannun babba yake kallo. Uban da ya shuri akuya don ta sa baki a tukunya, ya gama koyarwa ko bai ce uffan ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gobe da safe amalanken nan zai sake bin rairayi, yaron na bisa da tiyonsa. Wanda ya gan shi ya tsaya, ya gaishe shi, ya nuna masa mikin, ya kama masa su sauke jarka biyu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.