Sutura da Yayi a Ƙasar Arawa

Ƙasar Arawa tana shimfiɗe cikin kwarin Dallol Mawri a jihar Dosso ta Nijar, kuma tun shekarar 2011 ta kasu gunduma biyu, Dogon Dutsi da Tibiri. A zamanin da, fuska ce take bayyana Ba'are kafin a dubi rigarsa, domin ana yi wa yaro tsaga biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne. Amma da yake wannan al'ada tana ja da baya, sutura ce ta gaji aikin nuna matsayin mutum da aƙidarsa da ƙarfin aljihunsa.

Tushen tufafin gargajiya shi ne saƙi, wato ƙyallen da masaƙa suke saƙawa siriri daga zaren audugar da mata suka kaɗa, sannan a ɗinke shi gefe da gefe ya zama zane ko riga. Manoma da mafarauta sun fi amfani da walki, wato fatar da ake ɗaurawa a ƙugu, yayin da babbar riga da rawani suka kasance na masu sarauta da malamai. A wajen 'yan bori kuwa, kowane iska yana da kayan da ake sa wa dokinsa, wato mutumin da ya hau, har ma Babule, iskokin da suka bayyana a shekarun 1920 lokacin mulkin Faransa, ana gane su da shiga irin ta soja.

Shigar mace ta yau da kullum ita ce zane da riga da kallabi na atamfa, wadda ake saye turmi-turmi, kowane turmi yadi shida, kuma darajarta tana hawa daga mai sauƙin kuɗi ta Cina zuwa ta Holan. Mafi yawan yadin yana shigowa ne daga tashar ruwan Kwatano ta hanyar Gaya, ko daga kasuwannin Najeriya, inda wasu Arawa suke zaune a yankin Kangiwa ta jihar Kebbi. A wajen biki ake ganin ƙarshen ado, domin lefe, wato tufafin da ango yake kai wa amarya, ana baje shi dangi su ƙirga, kuma ƙawaye suna yin anko, wato su ɗinka yadi iri ɗaya don a san tasu ce ake aurarwa.

Babban sauyi ya zo da wa'azin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, wadda ta yaɗa hijabi a wurin da mayafi kaɗai aka sani. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta tattauna wannan a littafinta na 2009 kan mata da farfaɗowar addini. Sai dai yayi, wato salon da jama'a suke bi na ɗan lokaci, bai bar hijabin ba, domin 'yan mata suna zaɓen launin da ya dace da atamfarsu, suna bambanta tsawo da irin yadi.

Samari kuwa, musamman a fada, wato majalisar da suke zama shan shayi, sun rungumi wandon jins da rigunan ƙungiyoyin ƙwallo na Turai, waɗanda akasarinsu gwanjo ne, tufafin da aka riga aka sa a wata ƙasa, kuma kasuwarsu ta ƙara ƙarfi bayan an rage darajar sefa da rabi a 1994. Duk da haka, saurayin da ya yini cikin jins shi ne zai fito ranar Juma'a da kaftanin shadda da hula, kuma idan Sallah ta gabato, tela yana kwana kan keke yana kwaikwayon ɗinkin da aka nuna masa a waya ko aka gani a fim ɗin Kano.