"Ba Jari": Uzurin da Ya Zaunar da Samarinmu

Da an kai amfanin gona gida, a Dangoma da sauran garuruwan Kalgo, za ka ga samari sun baza tabarma tun hantsi, butar shayi na kan gawayi, kowa ya duƙufa kan waya har a kira la'asar. Ka tambayi ɗayansu ya rayuwa, ya ce, "Ga mu nan dai, ba daɗi." Ka ce me zai hana a taɓa wani abu? Amsar ba ta canzawa: "Ba jari." Wallahi na gaji da jin wannan uzuri.

Wa ya ce sai da kuɗi yini yake yin albarka? A watan Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi. Jari ya zo har gida. Wanda ya saba sammako zuwa fadama ya ƙara kadada. Wanda ya saba kwanciya ya sayar da takin da aka ba shi, ya koma tabarmarsa, ga bashi a wuya. Kuɗi bai sauya halin kowa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da kabarinsa ke nan Gwandu, ya rasu a 1829 ya bar tafsirin Alƙur'ani sukutum, Liya'ut Ta'wili, ga ɗawainiyar mulki, ba lantarki. Jajis ɗin Nana Asma'u tsofaffin mata ne da ke takowa daga ƙauyuka, su karɓi karatu su kai wa matan aure har ɗaki. Wane banki ya ba su rance?

Rashin aiki da tsadar taki gaskiya ne, ban musa ba.

Amma ɗan'uwa, fara da abin da ke hannunka. Bayan asuba kada ka koma barci. Ruwan alwalar da ke malala a tsakar gida, haƙa masa 'yar hanya zuwa gindin zogale ko kwamin alayyafo. Majalisar shayin ma ban ce a watse ba, zumunci ne. A sauya mata aiki. Kafin shayi ya nuna, ɗaya ya karanta shafi biyu na littafi, sauran su yi ta musu a kai, tunda dama musun ake so. Rabin kuɗin data a zuba adashi. Wayar da ke nuna maka ƙwallon Turai ita ce za ta nuna maka yadda ake kwance injin ban-ruwa, kuma duk rani injinan nan lalacewa suke yi a fadama. Ka zaunar da ƙanenka bayan magariba ka koya masa lissafi. Ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo kuwa kullum suna neman mai aski, mai wanki da guga, da mai gyaran waya.