Injin numfashi ba ya tari

Aikina gashi ne, fisiyo in ji mutanen asibiti, kuma da yake ina jin Hausa, ni ake kira idan 'yan'uwanmu na Agege ko direbobin tirela na Apapa suka kawo mara lafiya ɗakin kulawa ta musamman. Tambayarsu kusan ɗaya ce: "Malam, mutum yana kwance rai a hannun Allah, me ya sa kuke dukan ƙirjinsa?"

Abin da ke faruwa shi ne, mai lafiya yana fitar da majinar huhunsa da tari ba tare da ya kula ba. Wanda aka zura wa bututu ta maƙogwaro, aka ba shi maganin barci, ya rasa wannan. Inji yana tura iska, amma ba ya kakkaɓo komai. Majina ta taru, ta toshe ƙananan hanyoyin iska, wani sashen huhu ya motse, ƙwayoyin cuta su samu mazauni. Bayan awa 48 a kan inji, ciwon huhu na iya kunno kai.

Dukan da suke gani bubbugawa ce da tafin hannu a lanƙwashe kamar mai ɗiban ruwan alwala, ƙara gare ta, ba zafi. Sai girgiza haƙarƙari daidai lokacin fitar numfashi, sannan a zuƙe abin da ya taso da siririn tiyo, kada a wuce daƙiƙa 15, ido na kan ma'aunin iskar jini. Wanda ya karye a haƙarƙari ko ya bugu a kai, irin waɗanda haɗarin mota ke kawo mana, ba a bubbuga shi.

A ganina ma bubbugawar ce mafi ƙarancin amfani, duk da ita ta fi ɗaukar ido. Kwanciya ta fi ta. A ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, a riƙa juya mutum, kada ya wuni a rigingine. Wani bincike da aka yi a Faransa da Sifen, aka buga a 2013, ya nuna kwantar da masu tsananin ciwon huhu ruf da ciki na aƙalla awa 16 yana rage mutuwa, kuma lokacin korona asibitoci suka rungumi dabarar.

Da zarar mutum ya farfaɗo, mukan zaunar da shi a bakin gado ko da bututun yana nan. A nan ne dangi suka fi yi mana gardama, wai a bar shi ya huta.