Ɗingishin Kare Mai Zuwa Yana Tafiya: Abin Da Za A Iya Yi A Gida

Akwai wani kare da ke gadin wurin da muke ajiye kaya a nan Kuala Lumpur, wanda ya yi makonni yana ɗingishi, yau ya ɗage ƙafar baya, gobe ka gan shi garau. Da yake kullum yana warwarewa, sai na yi sakaci, har ranar da ya ƙi cin abinci. Da aka gwada jininsa sai aka samu cutar kaska ce. Wannan ya sa na ga ya dace in yi wa jama'armu masu karen gadi bayani.

Ɗingishin da ke ɗaukewa ya dawo alama ce cewa sanadin yana nan. Idan ƙaramin kare ne, ya ɗage ƙafar baya taku biyu ko uku sannan ya sauke, galibi ƙoƙon gwiwa ne ke zamewa daga mazauninsa. Idan tsoho ne, yana tashi daga barci a sage sannan ya saki bayan ya ɗan taka, to amosanin gaɓɓai ne. Har ila yau, a ƙasa mai zafi da danshi irin Malesiya kaska ba ta da lokaci, kuma tana ɗauke da ƙwayar cutar Ehrlichia mai kawo zazzaɓi, kasala, haɓo da ciwon gaɓɓai. Wannan sai maganin likita na kimanin kwana 28.

Abu na farko a gida shi ne duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko akwai ƙaya, kwalba ko farcen da ya tsage. A hutar da shi, ban da gudu da tsalle da hawan bene, sai ɗan zagaye da igiya da safe ko bayan la'asar, domin kwaltar tsakar rana tana ƙona tafin ƙafa. Tayil ɗin gidajen nan yana da santsi, saboda haka a shimfiɗa tabarma ko tsohon kafet inda yake kwana. A rage masa ƙiba: idan ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari ba, abincin ya yi yawa. Man kifi yana taimaka wa gaɓɓai, amma likita ne zai faɗi adadin. Tsohon ciwo ana gasa shi da tsumma da ruwan ɗumi, sabon kumburi kuwa sai ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 10.

Don Allah kada a ba kare maganinmu na mutane ba da izinin likita ba. Ibuprofen yana ɓarke masa ciki ya lalata ƙoda, farasitamol idan ya yi yawa yana taɓa hanta. Tafarnuwa da albasa kuma suna lalata masa jini.

Idan ɗingishin ya wuce kwana biyu, ko ya dawo, ko karen ya ƙi taka ƙafar sam, ko dasashinsa ya yi fari, a garzaya wurin likitan dabbobi. Ban da asibitocin unguwa, Universiti Putra Malaysia da ke Serdang tana da asibitin dabbobi. A sani kuma hukumar birni, wato DBKL, tana buƙatar lasisin kare, kuma dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2015 ta ɗora wa mai dabba kula da lafiyarta.

A ƙarshe, maƙwabtanmu Malayawa mazhabar Shafi'i suke bi, wadda ta tsananta kan najasar kare fiye da Malikiyyar da muka taso a kai, don haka a riƙe shi da igiya idan an fito. Dabbar da ke kwana tana gadin dukiyarka amana ce a wuyanka. Allah Ya ba mu ikon sauke ta, amin.