Masauki a Ƙauyen Bakin Tafki

Idan an yi hutu, da yawa daga cikinmu kan raka iyaye zuwa ƙauyukan bakin ruwa, ko gefen Gulbin Gagare a ƙasar Ƙaura Namoda, ko fadamun Shinkafi da Zurmi inda ruwan damina ke kwanciya ya zama tafki. A can babu otal. Baƙon da ba shi da dangi wurin mai gari ake kai shi, ya nema masa ɗaki ko zaure. Hakan ya fi, domin a halin tsaron da muke ciki, wanda mai gari bai san da zuwansa ba abin zargi ne.

In an ba mu zaɓi, mu yara ɗakin da ya fi kusa da ruwa muke so, saboda iska da kallon masunta. Kuskure ne. A ruwa kwantacce sauro yake hayayyafa, da magariba kuma sai ya cika ɗaki. A watan Agusta ruwa kan taso cikin dare, ginin ƙasa kuwa ba ya jure jiƙa. Mu duba gindin bango: in akwai shatin inda ruwan bara ya tsaya, a roƙi wani ɗakin a kan tudu.

Mu tambayi inda ake ɗibar ruwan sha, rijiya ko tafki. Wanka a tafki ma yana jawo tsargiya, mai sa fitsarin jini. Gidan sauro kuwa kowa ya taho da nasa, har da igiya, don ba kowane ɗaki ke da ƙusa ba.